Kabewar Fari a Gindin Jinga

Jiya da hantsi 'yar maƙwabciyata ta dawo daga cefane da kabewa a ka. Daidai ƙofar gidanmu ta suɓuce mata, ta faɗi a kan siminti ta dare gida biyu. Ni ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, ban ga faɗuwar ba, ƙarar kawai na ji. Amma sai da na ajiye faifan na dafa bango. Mai karatu, in ka ce raki ne ba zan yi musu da kai ba. Na girma, na yi aure, na haifi biyar, amma har yau ba na iya fasa kabewa da hannuna. In miyar taushe ta kama, sai dai in aika a yanko mini yanki a kasuwa. Zauna ka ji dalili.

A wani ƙauye na tashi, gabas da Haɗejiya, inda kogi yake rarrabuwa ya bazu cikin fadama. Garinmu a kwari yake, saboda haka tun zamanin kakanni aka ja jinga, wato doguwar ganuwar ƙasa, tsakaninmu da ruwa. Kowace shekara maza sukan ƙara mata ƙasa, su kafa turaku su tare ta. A ƙetaren ruwan akwai wani ƙauye na masunta, inda Gwaggo, ƙanwar babana, take aure. In ka tsaya a kan jinga kana hango jinkar ɗakunansu, in iska ta juyo har dakan matansu kana ji.

Gidanmu ne na ƙarshe a garin. Tsakanin dangarmu da jingar akwai wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar tabarma goma ba, kuma filin nan na kakarmu ne, mahaifiyar Baba. Iya muke ce mata. Gajeriya ce, busasshiya, hannunta kamar saiwar tsamiya. Ba ta cikin kakannin nan masu ɓoye wa jika ƙuli-ƙuli a gefen zani. In ta yi maka ranƙwashi da safe, har azahar kana jin wurin. In manya sun tafi gona, duk yaron da ya iya tafiya, na gidanmu da na maƙwabta, wurinta ake tara shi, ita kuwa ba ta san zaman banza ba. Ko ɗan shekara uku ne sai ta samo masa abin da zai riƙe.

Aikinmu da lokaci yake tafiya. In ruwa ya janye bayan kaka, fadama ta fara tsagewa, sai ta kora mu bakin kogi mu haƙo yumɓu. Mu kwaɓa shi da ƙaiƙayin shinkafa, mu tattake da ƙafa har ya daina manne wa yatsu. Kowa ya gina 'yar tukunyarsa, wadda ba ta fi ƙoƙon shan fura ba. Iya takan bi su ɗaya bayan ɗaya tana juyawa. Wadda gindinta ya yi kauri ko bakinta ya karkace, sai ta ɗora mata dunduniya ta murje, ko fuskarka ba za ta kalla ba. Na zubar da hawaye a kan tukwane da yawa. Waɗanda suka tsira a jera su a rami, a lulluɓe da busasshen kashin shanu da ciyawa, a cinna wuta. Washegari mu tono su jajaye, da sauran ɗuminsu, kowa yana neman tasa ta wurin zanen da ya yi mata da tsinke.

Da rani kuma, in zafi ya hana kowa motsi, gindin tsamiya muke zama da kabar da aka jiƙa tun safe. Ƙanana su tufka igiya a cinya, mu da muka ɗan tasa mu saƙa mafici da 'yan tabarmi. Kaba tana da kaifi. Yatsunmu duk tsaga ne. In jini ya ɗiga a kan saƙa, ba yatsan Iya take dubawa ba, saƙar take dubawa.

Amma damina ita ce tamu. Da ruwan shuka ya sauka, sai ta raba mana filin nan na bayan gida, kowane yaro da kunyarsa. Kuɓewa, yakuwa, rama, karkashi. A gindin danga kuma ta ba mu 'ya'yan kabewa uku-uku mu binne. Kullum da safe kafin karin kumallo sai ka je ka duba kunyarka, ka cire ciyawa, ka tsince tsutsa ka murje ta tsakanin yatsu. Wanda ya taka shukar wani, tsumagiya ce. Akwai kuma wata ɗabi'a tata da ban taɓa gani a wani gida ba. Kabewar da ta fara nuna a shekara ta yara ce. Mu za mu fasa ta, mu dafa miyar taushe a 'yan tukwanen da muka gina da hannunmu, mu zuba wa manya su ci. Ranar ce kaɗai a shekara da Iya take zama ta miƙe ƙafa, ba ta taɓa kowa, sai dai ta yi nuni da baki. Mukan fi ɗokin ranar nan fiye da sallah.

Gwaggo tana da 'ya sa'ata, taubashiyata. Wata biyu ta ba ni, amma ta fi ni ƙarfi nesa ba kusa ba. Kullum muna cikin tsokana irin ta taubasai, kowace tana cewa ɗayar baiwarta ce. Rabin rayuwarta a gidanmu take yi, don babanta yana ƙetarowa kusan kowace rana. Kawu muke ce masa. Dogon mutum ne, masunci, mai yawan dariya, kullum yana ƙarnin kifi da hayaƙi. Shi ya sassaƙa mana 'yan muciyoyi da ludayan da muke girki da su. Shi da Baba abokai ne tun suna yara, ta hanyar Baba ma ya sami Gwaggo. Duk da haka ban taɓa ganin mutum mai kunyar suruka kamarsa ba. Tun daga zaure yake cire takalmi. In ya hango Iya, can nesa zai durƙusa ya gaishe ta, kansa a ƙasa. Ko ruwa bai taɓa sha a gabanta ba.

Ina shekara takwas aka yi babban ruwa. Sama ba ta ɗauke ba, aka kuma ce an saki ruwan dam daga can yamma. Ga kacala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, ta toshe hanyar kogi, ruwa ya rasa inda zai bi. Mazan garinmu suka duƙufa kan jinga, suna ƙara mata tsawo. Abin da ban gane ba a lokacin shi ne, duk kwandon ƙasar da aka zuba a jingarmu, ruwan da ya kamata ya ratsa ta gonakinmu ya wuce, garin su Gwaggo yake komawa. Da ruwa ya shiga ɗakinsu, Gwaggo ta aiko da taubashiyata gidanmu da ɗan ƙullin kayanta, don gidanmu a bushe yake. Sau biyu dattawansu suna ƙetarowa su roƙi a buɗe wa ruwan hanya. Sau biyu ana ce musu a'a, don shinkafarmu ta fara fitar da kai, kuma babu wanda ya san inda ruwan zai tsaya in an sake shi.

Mu yara ba ruwanmu. Abin da ya dame mu kabewa ce. Akwai wata da ta rataya a jikin danga, ta gindin da ni da taubashiyata muka shuka tare, mun yi mako biyu muna ƙwanƙwasa ta muna jin amonta. Wata safiya, bayan kwana uku ana sheƙa ruwa, rana ta fito. Iya ta je ta danna mata farce, ta duba karanta, ta ce, "Yau za ku fasa."

Muka kafa 'yan murahu da duwatsu uku-uku a gindin jinga, inda ƙasa ta ɗan tsane. Aka daka gyaɗa, aka tsinko yakuwa, Iya ta ɓalle mana busasshiyar tarwaɗa ta raba. Ni da taubashiyata muka ciccibi kabewar mu biyu, muka ɗaga ta iya ƙarfinmu, muka sake ta a kan dutse. Ta dare da wata ƙara mai nauyi, irin ta abin da yake da tauri a waje da laushi a ciki. Yara suka sa shewa. Muka cusa hannu muna kwashe 'ya'yan, cikin ya yi jawur kamar manja. Kafin rana ta take, tukwane sun fara ɓararraka, hayaƙin ɗanyen itace yana sa mu hawaye, ƙamshin daddawa ya cika wurin.

A lokacin ne kwale-kwale suka iso. Biyar ne, cike da maza. Yawancin mutanenmu suna can arewacin gari inda jingar ta fara tsatsa, nan ɓangarenmu Baba ne kawai da mutum huɗu ko biyar.

Kawu ne ya fara sauka, da garma a kafaɗa, laka har gwiwa. Da ya hau kan jinga ya hango Iya a ƙasa, sai ya sauke garmar ya durƙusa cikin taɓo.

"Iya, barka da hantsi."

"Barka kadai. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji shi, kamar yadda kowa yake amsawa.

Taubashiyata ta ɗaga ludayinta ta ce, "Baba, zo ka ɗanɗana tawa!" Ya ce mata yana zuwa. Sannan ya miƙe ya fuskanci Baba.

"Yaya, ɗakin tsohuwata ya faɗi. Da ƙyar muka zaro ta. Kamu biyu kawai za mu buɗe, ruwan ya sami hanya."

Baba ya ce, "In ka buɗe kamu biyu, kafin la'asar ya zama ɗari. Dubi bayana. Gidan da 'yarka take kwana shi zai fara tafiya."

"Gida ana sake ginawa, Yaya. Mu mutane ne a cikin ruwa."

"Ka koma. Don Allah ka koma."

Ban san wanda ya fara ba. Na ga dai wani saurayi daga cikinsu ya kafta shebur a jikin jinga, maƙwabcinmu ya sauke masa sanda a gadon baya. Daga nan wurin ya hargitse. Mutanen da na sani, waɗanda suke cin kasuwa ɗaya, suke zuwa wa juna suna da jana'iza, suka rufe juna da duka. Ƙasa tana da santsi, kowa yana zamewa yana tashi, laka ta rufe fuskoki har ba ka gane na gida da baƙo. Na ga an maka wa wani filafilin tuƙi a baki, ya tofar da haƙora a tafin hannunsa yana kallonsu. Na ga mashin kamun kifi ya shiga cinyar maƙwabcinmu ya tsaya, yana ta ƙoƙarin zare shi, ƙugiyar ta hana. Mutum biyu suka danne wani a cikin ruwa, ƙafafunsa suna harbin iska. Mata suka fito daga gidaje suna kururuwa, mazan arewacin gari suka sheƙo da adduna. Ƙananan cikinmu suka watse suna tsala ihu, wani ya yi karo da murhu, miya ta zube masa a ƙafa.

Kawu bai doki kowa ba da farko. Haƙa kawai yake yi, kansa a ƙasa, yana sara yana jefar da ƙasa. Baba ya ture shi, ya tashi ya ci gaba. Ya sake ture shi, ya sake tashi. A na uku Kawu ya juyo ya kai masa duka da ƙotar garma. Baba ya tare da hannun hagu, na ga hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Baba ya yi wata ƙara da ban taɓa jin irinta daga bakin mutum ba. Ya fizgo ɗaya daga cikin turakun da aka tare jingar da su, da hannu ɗaya, ya sauke shi a tsakiyar kan Kawu.

Taku goma ne tsakaninmu. Duk da ihun da ake yi, na ji ƙarar sarai. Ita ce wadda muka yi wa shewa ɗazu a kan dutse, babu bambanci ko kaɗan.

Kawu ya durƙusa a hankali, kamar zai sake gaisuwa, sannan ya kife da fuska cikin taɓo. Iya ta fizgo kawunanmu ta cusa a cikinta, amma ta makara, mun riga mun gani. Taubashiyata ba ta yi kuka ba. Ludayin yana hannunta, miya tana bin gwiwar hannunta tana ɗiga.

Sai Iya ta sake mu. Ta hau jingar nan da rarrafe, tsohuwar da sai da sanda take zuwa bakin rijiya, ta ratsa ta tsakiyar maza da addunansu. Ta zauna daɓas a cikin laka, ta juyo da Kawu, ta ɗora kansa a cinyarta. Mutumin da bai taɓa matsowa kusa da inuwarta ba. Ta kwance ɗankwalinta ta ɗaure masa kai, furfurarta a waje, jini yana ratsa ƙyallen yana bin zaninta. Sannan ta ɗaga kai ta kira Baba. Baba ɗan farinta ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce "wancan" ko "uban yaran nan". Ranar ta kira sunansa, da ƙarfi, sau biyu, a gaban kowa. Ta ce, "Zo ka ga aikinka."

Waɗanda suke kusa suka fara sauke hannu, na nesa suka biyo. Baba yana tsaye, turken a ƙasa, karyayyen hannunsa yana reto. Bai iya matsowa ba.

Amma an riga an yi ɓarakar. Da farko ruwan kamar bakin tulu yake zubowa, ja, mai kumfa. Kafin a ɗauke Kawu a sa a kwale-kwale ya kai faɗin ƙofa. Babu mai sauran ƙarfin tarewa. Na waiwaya lokacin da Inna, mahaifiyata, take jana, na ga ruwan ya isa murahunmu, wutar tana mutuwa ɗaya bayan ɗaya, 'yan tukwane suna juyawa suna kifewa. Babu wanda ya ɗanɗani miyar nan. Kafin la'asar kunyoyinmu sun nutse, danga ta kwanta. Cikin kwana biyu ɗakunan garinmu suka jiƙe suka zauna kamar an jiƙa fura. A can ƙetare kuwa, abin da ruwan ya ragu bai fi tsawon yatsa ba. Su ma sai da suka tashi.

A wata makarantar firamare da ke kan tudu aka tara mu, mu da su, a azuzuwa ɗaya. Kawu yana asibiti a Haɗejiya, Gwaggo tana wurinsa, ba a san ko zai tashi ba. 'Yan sanda sun tafi da Baba da wasu maza na ɓangarorin biyu. Taubashiyata ta rage a hannun Iya, tabarmarmu ɗaya da ita.

Kabewa ba ta nutsewa. Matasa suka riƙa tsamo waɗanda ruwa ya kwaso daga gonaki suna kawowa, su ne ma abincin mutane a kwanakin farko. A rana ta huɗu aka kawo wa Iya guda, ta ajiye a gabanmu ta ce mu feraye. Taubashiyata ta dubi kabewar, ta dube ni. Sai ta sunkuya ta ɗauki dutsen murhu ta maka mini a goshi, saman idon dama. Na faɗi, ta haye kaina tana duka tana cewa, "Babanki! Babanki!" Jini ya rufe mini ido. Na laluba na kama damtsenta da haƙori, ban saki ba sai da na ji gishirin jini a bakina. Ina ce mata, "Naki ne ya fasa! Naki ne ya cinye mana gida!" Muka yi ta birgima cikin toka. Mata suka taso za su raba, Iya ta ce a bar mu. Sai da ta ga mun gaji, numfashi ya gagare mu, sannan ta karyo tsumagiya ta zane mu tas, ni da ita, ba ta bambanta mai laifi ba. Ta wanke mini goshi da ruwan gishiri, ta ɗaure.

Daga nan ta aro turmi ɗaya da taɓare biyu, ta zuba geron da aka raba wa mutane. Ta tsayar da mu fuska da fuska.

"Ku daka. Wadda ta doki hannun 'yar'uwarta, ita za ta riƙa ba ta tuwo a baki har ya warke."

Wanda ya taɓa yin lugude ya san in ba ka saurari taɓaryar abokin dakanka ba, sai an yi rauni. Haka muka yi ta yi kullum, wata biyun da muka yi a makarantar nan, ba mai yi wa wata magana. Kada ka ɗauka dakan ya shirya mu. A mako na biyu, ina gyara geron bakin turmi, ta sauke mini taɓarya a babban yatsa da gangan, farcen ya fita. Iya ta cika alkawari. Kwana goma taubashiyata tana ba ni tuwo a baki, kuma daga tsakiyar malmala take gutsurowa, inda ya fi zafi, ta tura mini. Ni kuma ina haɗiyewa ina kallon idonta, na ƙi yin kuka. Ban san ranar da ta fara hura lomar kafin ta miƙo ba. Na dai lura wata rana cewa harshena ya daina ƙuna.

Kawu bai mutu ba. Ya dawo da wani lotsi a kansa da za ka iya ajiye ƙwai a ciki. Ɓarin damansa ya shanye, magana ta tafi, ba abin da ya rage a bakinsa sai "to" da salati. Kamun kifi ya ƙare masa. Baba ya yi watanni a tsare kafin dattawan garuruwan biyu su yi sulhu a sake shi. Hannunsa ya ɗore a karkace. Aka sake gina gari a wani wuri mai ɗan tudu. Duk kaka Baba yakan loda buhunan shinkafa da gero a kwale-kwale ya aika ƙetare, Gwaggo takan karɓa saboda yara, amma ba ta sake yi masa magana ba. In suka haɗu a gidan biki ko makoki, sai ta ja mayafi ta juya. Baba bai sake ɗaga hannu ya doki ko akuya ba. Ban kuma sake jin ya yi dariya da sauti ba.

Da rani ya zagayo, Iya ta ɗaure kayanta ta ce a ƙetarar da ita, ni ma ta tafi da ni. A ƙofar ɗakin Gwaggo ta tara yaran masunta ta jiƙa kaba, ta sa aka fito da Kawu aka zaunar da shi a cikinmu. Ta koya masa tufka da hannun hagu, yana riƙe bakin igiyar da yatsun ƙafa. Ƙaton mutum a tsakiyar 'yan shekara huɗu, yawu yana zuba ta gefen bakinsa, igiyarsa tana warwarewa, yara suna gyara masa. Shi kaɗai ne bai taɓa shan ranƙwashinta ba. In ya ɓata sai ta kwance ta ce, "Sake, ɗan nan." Ya ce, "To." Kunyar da ke tsakaninsu ta tafi tun ranar jinga, da hannunta take ba shi fura. Kafin shekara biyu igiyarsa ta yi suna, masu jakuna da masu kwale-kwale har layi suke yi. Da ita ya ci abinci shekara tara, har Allah ya karɓi abinsa.

Iya ba ta daina shuka kabewa ba, ta ce abinci bai yi laifin komai ba. Sai dai ba ta sake ba yara ta fari ba. Takan ɗauke ta ta zaga bayan ɗaki ita kaɗai, ta dawo da ita a yanke. Ta rasu ana saura wata uku bikina. Baba ya bi ta bayan shekara shida. Da ciwonsa ya yi tsanani ya aika a kira Gwaggo har sau uku, ba ta zo ba. Sai ranar sadakar uku ta iso, ta faɗi a ƙofar ɗakinsa, ta yi kukan da babu wanda ya yi irinsa a gidan, har da mu 'ya'yansa.

Yanzu a cikin Haɗejiya nake zaune, a gidan siminti. Inda tsohon garinmu yake, kacala ce ta fi tsawon mutum, sai tsuntsaye. Jinga kuwa da katafila ake yinta da buhunan yashi, amma duk damina sai ka ji a rediyo wani gari ya kwana gadin tasa don tsoron maƙwabta. Yarana tukwanen roba suka yi wasa da su, masu launi, waɗanda ba sa hawa wuta. Na gwada shuka musu kuɓewa da yakuwa a tsofaffin buhuna a gefen rijiya, amma ba ni da zafin hannun Iya, in sun ce sun gaji sai in ce su bari.

Taubashiyata ce ta gaje ta. Tana aure wajen Birniwa, tana da fili a bayan gida, kuma duk yaran unguwarsu a hannunta suke wuni. Can nake tura nawa in an yi hutu. Su dawo da tsagaggun yatsu suna ƙorafin ranƙwashinta, hutu na gaba kuma su ne masu tambayar yaushe za a tafi. Ba su san komai ba. An gaya musu kakanninsu biyu, Baba da Kawu, aminai ne, kuma ba ƙarya aka yi musu ba.

Sau ɗaya na tambaye ta. Na je ɗauko yara, na same ta tana yanka kuɓewar shanya a kan tabarma, na zauna na ɗauki wuƙa ina taya ta. Na ce, "Wai kin yafe wa Baba kuwa?"

Ta ƙarasa yanka kuɓewar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Wallahi ban sani ba. Da rani sai in ga kamar na yafe. In ruwa ya zo sai in tarar da saura."

Bana an ce ruwan zai yi yawa. Na riga na san yadda za a yi. Daga watan gobe in na kira ta a waya, za mu gaisa, ta tambayi yara, ta ce tana da aiki a gabanta. Ni kuma ba zan ja zancen ba. Sai in jira kaka.